Zufar Dare Da Rikicewar Al'ada A Shekara 48: Haɗin Jarka Zan Sha Ko Kwalbar Waje?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 48, ina koyarwa a wata firamare a cikin birnin Katsina. Kusan shekara guda ke nan jikina ya juya mini. Ina zaune ƙalau sai in ji zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo, gabana yana faɗuwa. Da dare sai na sauya riga, ko da hunturu ne. Barci ya ƙaurace mini, abu kaɗan sai faɗa, yarana har sun fara gudun ɗakina. Al'adata ta rikice, sai ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, in ta zo kuma ta zo da yawa har da guda-guda. An sha ba ni maganin maleriya da taifod a kemis, ba sauyi. Kwanciya da maigida ta zama mini azaba saboda bushewa, shi kuma ya ɗauka gudunsa nake yi, ga abokiyar zamana yarinya ce. Shekara huɗu ke nan ina shan maganin hawan jini.

Ƙanwar mijina ta kawo mini wani haɗi a jarka daga wajen mai magani a kasuwa, babu rubutu a jikinsa, ta ce hulba ce da saiwoyi. Wata abokiyar aikina tana sayar da ƙwayoyin ganye na waje ta WhatsApp, an rubuta black cohosh da soy isoflavones a jiki, naira dubu 35 kwalbar wata ɗaya. Wata kuma ta ce in riƙa zama cikin ruwan bagaruwa. Kunyar zuwa asibiti da wannan magana nake ji. Anti, wanne zan sha?

'Yar'uwarki daga Ƙofar Marusa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki. Shekara guda kina fama ke kaɗai, kina tashi aiki da safe ba ki yi barci ba, ga aji cike da yara, ga gida. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan haƙuri.

Ki ajiye jarkar nan, kada ki kai ta bakinki. Kuɗin kwalbar wajen ma ki riƙe abinki tukuna. Akwai abu ɗaya a wasiƙarki da ya fi zufar dare tsaya mini a rai, shi ne jinin da ke zuwa da yawa har da guda-guda, kuma shi babu ganyen da zan ce ki sha a kansa kafin likitar mata ta duba ki.

Alamomin da kika lissafa sun yi kama ƙwarai da na gabatowar ɗaukewar al'ada. Yawancin mata al'adarsu kan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Ke ba ki kai nan ba, kina cikin shekarun da ke gabaninsa, waɗanda sau da yawa sun fi wahala. Jakar ƙwan mace ita ke samar da sinadarin da ake kira istirojin, to a wannan lokaci yana hawa yana sauka ba ƙa'ida kafin ya yi ƙasa gaba ɗaya. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke daidaita zafin jiki. Idan istirojin ya ragu, wurin nan yakan zama mai saurin firgita, ɗumi kaɗan sai ya ɗauka jiki ya yi zafi da yawa, ya buɗe jijiyoyin fata, ya saki zufa, zuciya ta ƙara gudu. Abin da kike ji ke nan yana tasowa daga ƙirji zuwa fuska. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma hannun abokiyar zama. Na faɗi haka ne don na san da wuya a ce ba wanda ya fara raɗa miki irin wannan magana.

Wani babban bincike da aka bi dubban mata a Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2015, ya nuna wannan zafi kan ɗauki kimanin shekara bakwai a matsakaici, ga mata baƙar fata kuwa yakan kai wajen shekara goma. Saboda haka ba na cikin masu ce wa mace ta daure kawai zai wuce. Shekara bakwai ba barci ba ƙaramin abu ba ne, neman magani haƙƙinki ne.

Sai dai akwai cututtukan da ke sa irin wannan riga. Tarin tibi yana sa zufar dare, musamman in da tari da rama, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima, tana kawo zufa da bugun zuciya da rashin barci da saurin fushi. Ciwon suga ma haka. Ƙarancin jini, wanda zubar da kike yi za ta iya jawowa, yana sa faɗuwar gaba da kasala. Har maganin hawan jinin naki abin dubawa ne: idan amlodifin ne ko nifedifin, su kansu sukan sa wasu jin zafi a fuska. Kada ki daina sha da kanki, ki dai faɗa wa likita. Maganin maleriya da taifod da ake ta ɗura miki ba gwaji kuwa, ki tsaya da shi haka nan.

To, mu zo kan jarkar. Ƙanwar mijinki don ƙauna ta kawo, ki gode mata. Amma ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba, abin da aka faɗa mata ta faɗa miki. Wace saiwa ce? Nawa aka zuba? Da wane ruwa aka dafa, yaushe? Ke mai hawan jini ce, ƙodarki ta riga tana buƙatar lallaɓawa. Masu haɗi da yawa suna zuba kanwa, ita kuwa kanwa cike take da sinadarin nan na gishiri da likita ya ce ki rage. An kuma sha gano magungunan gargajiya a ƙasashe daban-daban da aka cakuɗa da ƙwayar bature a ɓoye, irin su dezametazon, wadda ake sa wa a haɗin ƙiba na sha-ka-fashe. Mai sha zai ji ƙarfi da daɗin jiki a makon farko, ya yi ta yabon mai magani, alhali jini yana hawa, suga yana hawa, ƙashi yana zaizayewa. Ban ce abin da ke cikin taki jarkar ke nan ba. Ba mu sani ba ne, kuma wannan rashin sanin ya isa dalili.

Ina girmama maganin gargajiya, da shi aka rene mu. Hulba da habbatus sauda da zogale da citta duk suna ɗakin girkina. Abin da nake rarrabewa shi ne tsakanin abin da kika saya da idonki, kika san sunansa, kika sa daidai yadda ake sa wa a abinci, da abin da wani ya dafa a bayan idonki ya ɗura a roba. Hadisin habbatus sauda ingantacce ne, ba mai ja da shi. Amma kasancewar an rubuta sunanta a allon shago, ko shagon ya kira kansa Islamic Chemist, bai zama shaida a kan sauran abubuwan da aka gauraya da ita ba. Addinin da ya ce mu nemi magani shi ne ya hana mu cutar da kanmu.

Hulba ita kanta an yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a kanta, wasu sun nuna tana ɗan rage zafin, amma matan da aka gwada ba su da yawa kuma lokacin gajere ne. An fi tabbatar da cewa tana sauke suga, don haka mai shan maganin suga ta yi hattara, haka mai shan maganin tsinka jini irin wafarin. In kina son ki jiƙa ƙaramin cokali ki sha kamar shayi, ba zan hana ki ba, bayan an gano dalilin zubar jinin nan. Kada dai ki ɗora mata buri mai yawa.

Kwalbar abokiyar aikinki kuma, zuwanta daga waje da kyan kwalinta ba su sa ta zama maganin asibiti ba. A Amurka irin waɗannan ƙwayoyi a rukunin ƙarin abinci suke, ana sayar da su ba tare da an tilasta wa kamfani ya tabbatar suna aiki ba. Black cohosh saiwar wani tsiro ce na Arewacin Amurka. A 2012 masanan cibiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara gwaje-gwaje su auna, sun duba binciken da aka yi a kanta, suka ce babu isasshiyar hujjar cewa tana rage wannan zafi. Tun 2006 kuma hukumar magunguna ta Ingila ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikinta saboda rahotannin lahani ga hanta. Ba kowa yake samu ba, kaɗan ne, amma a ƙasarmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba, wannan gargaɗi ya fi nauyi a kanmu. Duk wadda ke shanta ta ga idonta ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ciwo a gefen dama na ciki, ta daina nan take ta tafi asibiti. A 2023 ƙungiyar likitocin da suka ƙware kan ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ta fitar da matsayarta, ba ta ba da shawarar shan waɗannan ƙwayoyin ganye don zafin jiki ba.

Za ki ce to ai abokiyar aikina ta rantse wasu sun sha sun ji daɗi. Ba lallai ƙarya take ba. A gwajin magungunan wannan matsala, matan da aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta su ma kaso mai yawa sukan ce zafin ya ragu. Abin dama yana zuwa yana lafawa da kansa, kuma mace takan sayi magani ne a lokacin da ya fi tsananta, sai lafawar ta zo a ce aikin kwalba ne. Naira dubu 35 duk wata daga albashin malamar firamare, a wannan tsadar, ya kamata a ce an sayi abin da ya fi haka tabbas.

Ɗayan sinadarin da ke jikin kwalbar shi ne ya fi ɗan ƙwari a hujja, kuma ba sai an kawo miki shi daga waje ba. Soy isoflavones daga waken suya ake ciro shi, waken da ake awara da shi a kowace unguwa a Katsina. Yana ɗan kwaikwayon istirojin a jiki, da rauni sosai. Wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje sama da 60, aka buga a mujallar likitocin Amurka a 2016, ya gano yana ɗan rage yawan tasowar zafi da bushewar gaba, amma bai rage zufar dare ba. Wasu matan yana yi musu, wasu ko kaɗan, domin sai ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji sun sarrafa shi, kuma ba kowace mace ke da irin waɗanda ke wannan aikin ba. Ki ci awara, ki sha madarar waken suya, ki zuba garinsa a kunu, ki ba shi wata biyu zuwa uku ki gani. Ko bai rage zafin ba kin ci abinci mai gina jiki. Ki dai rage mai da dunƙulen ɗanɗano da yajin da ake barbaɗa mata, saboda hawan jininki, kuma barkono kansa yana tayar da zafin. Wadda ta taɓa yin sankarar mama za ta iya cin awara, amma ƙwayar da aka tace kada ta sha sai da izinin likitanta.

Duk kwalbar da za ki saya nan gaba, ki duba lambar NAFDAC. Ki kuma san ma'anarta. Yawancin magungunan ganye lambarsu da harafin L take ƙarewa, wato hukumar ta duba ta ga ba guba ba ne, amma ba ta tabbatar yana warkar da abin da aka ce ba. Shi ya sa ake rubutawa a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Idan kuma kika ga St John's wort cikin abubuwan da aka haɗa, ki mayar. Yana rage ƙarfin magunguna da yawa, har da wasu na hawan jini da na tazarar haihuwa.

Bagaruwa kuwa, ƙanwata, don Allah a'a. Nan ne na fi jin tausayin mata, domin shawarar da ake ba su ita ke ƙara musu ciwon. Idan istirojin ya ragu, fatar gaba takan yi siriri, ta bushe, ta riƙa tsagewa da abu kaɗan. Bagaruwa da alif aikinsu tsukewa da busarwa ne, da bagaruwa ai ake jimar fata. Ki ɗauki wurin da ya riga ya bushe ki ƙara busar da shi, me zai biyo baya in ba zafi da ƙaiƙayi da jini ba? Daga nan sai a ce sanyi ne, a kawo wani matsin, a yi ta zagaye. Ki bar duk wani matsi da turare da sabulu mai ƙamshi a wurin, ruwa zalla ya isa. A kemis akwai man santsi da ake haɗawa da ruwa, irin K-Y Jelly, ba tsada, ana shafawa lokacin kwanciya. In bai wadatar ba, akwai man istirojin da likita ke rubutawa a riƙa sa wa a gaba. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini daga cikinsa, kuma yana gyara fatar ne daga tushe. Zafin jiki yakan wuce da shekaru, bushewa kuwa ba ta tafiya da kanta, don haka kada ki zauna jira.

Maigida kuma ki gaya masa. Na san nauyin bakin, mun taso ba a irin wannan magana. Amma shirunki ya riga ya ba shi wata fassara, kuma ita ta fi gaskiyar ciwo. Ki sami lokacin da hankalinsa ke kwance, ranar girkinki, ki ce masa: Malam, ba gudunka nake ba, jikina ne ke sauyawa irin na shekaru, ina jin zafi, ina so ka kai ni asibiti. Maza da yawa ba su taɓa jin cewa akwai irin wannan ba. Kada ki auna kanki da amarya. Shekarun da kika yi a gidan nan da 'ya'yan da kika haifa ba su ragu da komai ba don jini ya rikice.

Yanzu batun asibitin da kike jin kunya. A Katsina kina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, kina da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ga Babban Asibiti. Ki nemi sashen mata, ki ce mace kike so ta duba ki, ba laifi ba ne. Mace mai shekara sama da 45 da jininta ke zuwa da yawa ana so a auna yawan jininta, a yi mata hoton mahaifa, a duba bakin mahaifa, wani lokaci a ɗan ɗebo daga bangon mahaifar a gwada. Galibi rikicin sinadarai ne ko ƙarin mahaifa da ake kira faibiroid, wanda ya yi yawa a cikin mata baƙar fata. Amma ana dubawa ne don kada a bar sankara ta yi nisa, ita kuwa in an kama ta da wuri ana warkewa. Ki riƙe wannan har gaba: ranar da kika cika shekara ba jini, duk ɗigon da kika gani bayan nan na asibiti ne, ko sau ɗaya ne. Kusan ɗaya cikin goma na masu irin wannan jini akan sami sankarar mahaifa. Kada wata ta ce miki al'ada ce ta dawo don haɗi ya yi aiki.

Maganin da ya fi kowanne rage zafi da zufar dare shi ne mayar wa jiki sinadarin da ya rasa, wato istirojin, ta ƙwaya ko abin mannawa a fata ko man shafawa. Yana rage tasowar zafin da kusan kashi 75 cikin 100. Mutane sun tsorata da shi bayan wani bincike na Amurka a 2002, amma da aka sake nazari an ga cewa ga mace 'yar ƙasa da 60, ko wadda ba ta wuce shekara goma da ɗaukewa ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa. Mai mahaifa dole a haɗa mata da sinadari na biyu, furojestaron, don kare bangon mahaifa. Ba a ba wadda ta yi sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon hanta, ko mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Hawan jinin da ke saituwa da magani ba ya hanawa, sai dai an fi zaɓar na fata. Wadda bai dace da ita ba akwai wasu magungunan, kamar gabafentin da wasu na damuwa da ake bayarwa kaɗan. Duk wannan likita ke yankewa, kada ki saya a kemis da kanki.

Kafin ranar asibiti, ki sa tufafin auduga masu sauƙi, ki ajiye ruwan randa da mafici kusa da gado, ki watsa ruwa kafin ki kwanta, musamman in bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40. Ki rage shayi mai zafi da kofi da yamma. Zoɓo marar sukari da yawa yana da kyau, har yana ɗan sauke hawan jini, don haka ki sha daidai tunda kina kan magani. Ƙashin mace yana saurin raguwa a shekarun farko bayan ɗaukewa, to ki riƙe nono da kindirmo da miyar kuka da riɗi da zogale, ki riƙa taka ƙafa rabin awa, ki ɗan sha hantsi a tsakar gida. In akwai ƙiba, rage ta na rage zafin. Batun sallah da azumi in jini ya rikice, ki tambayi malamarku ta Islamiyya, akwai hukuncinsa filla-filla a fiƙihu.

Abu ɗaya da mata ke mantawa: muddin jini na zuwa, ko da tsallake ne, ciki na iya shiga. Mai ƙasa da 50 sai ta yi shekara biyu ba jini kafin ta saki jiki, mai sama da 50 shekara ɗaya. In ba ki shirya goyo ba, ki haɗa wannan cikin abin da za ki tambaya.

Daga yau ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo, kwana nawa ya yi, ƙunzugu nawa kika sauya a yini, da sau nawa zafi ya tashe ki da dare. Ki tafi da shi, da kwalin maganin hawan jininki, da hoton kwalbar abokiyar aikinki a waya. In kafin ranar kika ga kina jiƙa ƙunzugu duk awa, ko jiri na ɗibarki, ko numfashi na yi miki wuya, kada ki jira, ki tafi sashen gaggawa a ranar. Ki sake rubuto mini abin da likita ta ce. Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninki da maigida.